Ƙamshin Gidan da Ya Koro Yayata

"Auta, wallahi idan ba ki fitar mini da ƙazantar nan daga ɗakin nan ba, yau sai Umma ta raba mu!"

Ban ko ɗago kai ba. Hannuna biyu suna cikin tire, na danne farar takarda a ƙarƙashin ruwan gahawa. Aikin nan ba ya son gaggawa. Ka yi saurin tsame ta, ta fito fari fat kamar ba ta sha komai ba. Ka bar ta ta daɗe, ta saɓule maka a hannu.

"Da ke nake magana, kin yi mini kunnen uwar shegu!"

"Na ji ki, Yaya. Bari dai in tsame wannan."

Fuu ta wuce ni, ta yaye labule, ta banke tagogi. Iska ta shigo ta kaɗa takardun da na shanya a igiyar da na ɗaura daga ƙusar kalanda zuwa kan sif. Ɗaya ta faɗo, jiƙe sharkaf, ba ta sami wurin sauka ba sai kan filon Yaya. Na ce a raina, shi ke nan, yau akwai kallo.

Bari in gaya muku yadda abin yake, don kada ku ɗauka Yayata muguwa ce. Littafi nake haɗawa da hannu, irin na kallo ba na karatu ba, wanda zan kai bajen kolin masu aikin hannu a ƙarshen wata. Kowane shafi sai na rina takardarsa da gahawa, in shanya, in bi ta da dutsen guga, sannan in fara liƙe-liƙe. Yankin buhun algarara a nan, takardar da aka tace gahawa da ita a can, tambarin da na yanko daga jikin ƙunshi, ɗan zare, ɗan leshi. In tsoma gindin kofi a gahawa mai kauri in buga zobe a inda ya dace. In barbaɗa busasshen gari a kan gam, ya zama ƙasa, ko gashin mutum, ko hayaƙi.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, ɗinkin gindin littafi. Nawa sakwa-sakwa yake fitowa, ana buɗewa sau biyu shafuka su fara zubewa. Duk littattafan da na taɓa yi, Yaya ce ta ɗinke mini su. Wannan kuwa ta rantse ba za ta sa masa allura ba.

Gidan da ta yi aure sana'arsu ke nan, gasa gahawa da niƙawa da sayarwa. A saman shagon ta zauna har ranar da mijin ya ga dama ya sake ta, ta dawo mana da akwati da 'yarta, wadda ta ci sunan Umma muke ce mata Takwara. Ni kuma, da Allah ya tashi jarraba mu, duk mazan duniya ban ga wanda zuciyata ta kwanta da shi ba sai ƙanin mutumin, wanda ke tsaye a kan injin gashin. Mai Gahawa ake ce masa a gidanmu, in ma an yarda an ambace shi. Shi ke tara mini takardun tacewa da yankunan buhu. Ba a ɓoye nake ba, kowa ya sani, shi ya sa gidan ya ƙi zama lafiya.

Yaya ta ɗaga jiƙaƙƙiyar takardar da yatsa biyu, ta dubi tabon da ya zauna daram a farar rigar filonta. Na zaci ihu za ta yi. Sai na ji muryarta ta yi ƙasa, wannan kuwa ya fi ihun ban tsoro.

"Kin san tsawon lokacin da na yi ina shaƙar warin nan? A gashina, a zanin gadona, a ruwan da nake sha. Da safe shi ke tashina, ranar da aka zage ni ma shi nake shaƙa ina kuka. Na gudo gidan ubana in huta, ke kuma kin kwaso mini shi a leda kin shanya mini a ka."

"Yaya, ba shi ya sake ki ba fa. Yayansa ne."

"Nono ɗaya suka sha."

"Ni da ke ma nono ɗaya muka sha, halinmu ɗaya ne?"

"Au, rashin kunya za ki yi mini?"

"Ba rashin kunya ba ce. Me ya taɓa yi miki? Ki faɗi abu ɗaya tak, wallahi in rabu da shi yau."

Idonta ya kawo ruwa, ta juya mini baya tana cire rigar filon da ƙarfi kamar ita ta yi mata laifi.

"Ki aure shi mana, wa ya riƙe ki? Amma ranar da kika shiga gidan nan, ki sani kin zaɓa. Ba zan taka ƙofarsu ba ko haihuwa kika yi. Littafinki kuma ki kai masa ya ɗinke miki da igiyar buhu."

Umma ta ɗaga labule, hannu ɗaya a goshi. Duk ranar da ka ga hannun nan a goshi, to jininta za a ce ya hau, kuma ni za a ce na hawar da shi.

"Da sassafe kun fara? Ke Auta, kwashe tarkacen nan, Manaja ya ce yana nan tafe. Ki kuma wanke hannun nan naki da ya koma kamar na bakanike."

"Umma, ni fa na gaya miki…"

"Ni ban ce dole ba. Kin taɓa jin na yi wa ɗa dole? Amma gidan da ya dawo mini da 'ya guda tana kuka da goyo a baya, ba zan miƙa musu ta biyu ba ina numfashi. Bayan raina ku yi abin da kuka ga dama."

Hmm! "Ban ce dole ba" ɗin Umma ya fi dolen wasu iyayen nauyi. Na tsame takardata, ta riga ta wuce lokaci, gefenta ya yage a hannuna.

* * *

Manaja shi ke kula da wani kamfanin buga littattafai da kalanda da tambarin kaya. Abokin Yayanmu namiji ne, ta nan ya shigo gidan neman aurena, kuma gaskiya ɗaya ce, ba mugun mutum ba ne. Mai tsabta ne har ta yi yawa. Rigarsa ba ta san ƙura ba, farcensa a yanke, ga hankici kullum a hannu.

Umma ta sa na fito masa da shafukan da suka bushe, na jera a kan teburin falo. Ita ta zauna a bakin ƙofa wai tana gyaran wake, alhali kunnenta duk yana wurinmu. Labulen ɗakinmu ma na ga yana motsi, na san Yaya na bayansa.

Ya ɗaga shafin farko da bakin yatsa. Shi ne wanda na yi taga da yankin buhu, na liƙa takardun tacewa guda-guda suka zama labule, rana kuma zoben gindin kofi ce. Ya daɗe yana kallo. Da ya ajiye sai ya goge yatsunsa da hankici, a hankali, don kada in gani. Na gani kuwa.

"Auta, kina da hannu, ba zuga ki nake ba. Amma me ya sa za ki wahala a kan guda ɗaya? Ki ba ni su in ɗauki hotonsu, in buga miki su a takarda mai sheƙi, su shiga kowane gida. Ba ruwanki da ɗinki, injinmu ke yi."

"To ai ba littafina ba ne kuma. Nawa taɓa shi ake yi, a ji kaushin buhun, a shaƙi ƙamshin."

"Ƙamshin ne ai matsalar," in ji shi, ya ɗan kalli labulen. "Nawa ba ya wari. Ko Yayarki za ta iya sa shi a ƙarƙashin filo ta yi barci."

Umma ta ce, "Ka ji magana! Allah ya yi maka albarka."

Ni dai na zauna a bakin kujera, gwiwa a haɗe, na ɓoye hannuna a cikin mayafi. Ya yi ta magana a kan gidan da ya gama ginawa, da ɗakin da zai ware mini in yi aikina, mai fanka mai zuƙe iska waje. Ina ta "to", ina ta "Allah ya sa alheri". Ban san fuskata ta nuna komai ba.

Da ya tashi tafiya Umma ta ce in taka masa. Sai da muka fita har bakin mota, inda ba mai jin mu, sannan ya tsaya yana juya mukulli a yatsa.

"Mutumin naki ya gaya miki sharaɗin da aka kafa masa?"

"Wane sharaɗi?"

"Ashe bai faɗa ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Kin san mu ke buga musu tambarin da suke liƙawa a ƙunshin gahawa. Yayansa, baban Takwara, ya zo karɓar aiki, a ofishina ya zauna yana faɗi da bakinsa. Ya ce tunda mahaifinsu ya rasu, shi ne uba, shi zai zo neman wa ƙaninsa aure. Ya ce zai zo, da murnarsa ma. Amma sai an mayar masa da 'yarsa tukuna."

"Takwara?"

"Ita. Ya ce a ba shi tasa 'yar, ya karɓo wa ƙaninsa ta gidanku."

"Ƙarya ne!"

"Ina ma ƙarya ce. Ba don in ɓata shi a wurinki nake faɗa ba." Ya yi wata 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "To, da hakan a ciki, ba zan rantse ba. Ina son ki, kuma na gaji da zama a falo ana ce mini 'to'. Amma ki je ki tambaye shi. In ya musa, ni maƙaryaci ne, kada ki ƙara fitowa in na zo."

Ya shiga mota ya ja. Ban koma cikin gida ba. Da silifas ɗin wanka a ƙafata na miƙi titi.

* * *

Tun daga kwanar layin ake jin ƙamshin shagon. Kullum in na shaƙe shi sai in ji zuciyata ta yi sanyi, ranar kuwa toshe hanci na yi da mayafi.

Baban Takwara ba ya zama a shagon, sai dai ya leƙo ya ba da umarni ya wuce. Na ratsa ta tsakanin tebura, na wuce kantar sayarwa, na tura ƙofar baya inda injin yake. Ga shi nan tsaye, ya naɗe hannun riga, tawul a kafaɗa, ya karkata kai yana sauraren gangar da ke juyawa a kan wuta. Da kunne yake aikinsa. Ya sha gaya mini cewa idan 'ya'yan gahawa suka fara fashewa ƙas-ƙas, to daga nan ba a ƙifta ido, ɗan sakaci kaɗan buhu guda ya zama gawayi.

Ya gan ni ya washe baki. "A'a, Mai Gam! Yau da rana tsaka? Tsaya kaɗan, sun kusa fara magana. Na ajiye miki wasu takardu, sai kin gani…"

"Gaskiya ne?"

"Me?"

"Yayanka ya ce sai an ba shi Takwara?"

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa ɗif. Bai ce wa ya gaya miki ba, bai ce ƙarya ne ba. Ya sauke tawul ɗin daga kafaɗa ya riƙe a hannu. A nan na san Manaja bai yi ƙarya ba, na zauna a kan buhu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun yaushe ka sani?"

"An ɗan jima."

"An ɗan jima! Kana tara mini takarda, kana tambayata shafi nawa ya rage, ashe kana zaune a kan wannan? Ni kuma ina can ina faɗa da Yayata saboda kai. Yau da safen nan na ce mata ta faɗi laifinka ɗaya in rabu da kai. Ashe da ta sani, da ta sami abin faɗa!"

"Auta, ki saurare ni don Allah. Ban yarda ba. Wallahi ko na minti ɗaya ban yarda ba. Na ce masa yarinya ba kayan musaya ba ce. Na durƙusa masa a ɗakin nan, a nan inda kike zaune. Na ce bari in shawo kansa tukuna, me zan zo in gaya miki? In ce ga wuƙa, ki kai wa Yayarki?"

"Da ka gaya mini, da ni da kai muke ɗauke da shi. Yanzu a bakin wani na ji, a bakin titi, kamar wata bare."

A bayansa gangar ta fara ƙas, ƙas-ƙas. Na ga kafaɗarsa ta motsa, jikinsa ya saba. Bai juya ba.

"Kayanka za su ƙone," na ce.

"Su ƙone."

Ya durƙusa a gabana, idonsa jawur. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma wallahi da ban gani ba ya fi mini sauƙi.

"Akwai Baffanmu, ƙanin mahaifinmu. Na je wurinsa, ya ce zai tsaya mini. Ba sai da Yaya ba."

"To shi Yayan naka me ya ce da ya ji?"

Ya sunkuyar da kai.

"Faɗi mana! Yau dai kada ka rage mini komai."

"Ya ce idan aka ɗaura ba da shi ba, an wulaƙanta shi a idon duniya. Ya ce washegari zai shigar da ƙara, ya karɓi 'yarsa ta kotu. Yarinyar ta yi wayo, ya ce ba alƙalin da zai hana shi."

Na yi dariya, hawaye na zuba. "Ka ga ni'ima! In ya zo, a ba shi ita. In bai zo ba, ya ƙwace ta. To ta ina aurenmu zai bi bai taka Takwara ba?"

"Zan bar masa shagon. In bar masa komai, in je in yi dako in ya kama."

"Shago yake so? Yayata yake so ya ga ta durƙusa. Ka san abin da ya rage mata a duniya? Ba miji, ba ɗaki, gado ɗaya suke kwana ita da yarinyar. Sai ta ɗora hannu a bayanta take iya barci. Ni kuma in sa lalle, in yi kwalliya, in shigo gidanku, in tarar da Takwara a tsakar gida tana kukan uwarta? In ce mata me? In ce yi haƙuri, da ke aka biya aurena?"

"Ki ba ni lokaci, Auta. Ɗan lokaci kawai."

"Da kai kaɗai abin zai ci, da na ba ka har tsufa."

Hayaƙi ya fara fita ta bakin gangar, baƙi, mai ɗaci. Wani daga cikin masu shan gahawa ya leƙo yana cewa, "Malam, wani abu na ƙonewa fa!" Sai a sannan ya miƙa hannu ya kashe wutar, ya buɗe, suka zubo baƙi ƙirin suna ƙyalli. Ko kallonsu bai yi ba.

"Kina nufin shi ke nan?"

"Ina son ka," na ce. "Ban taɓa faɗa maka da bakina haka ba, to yau ka ji. Ina son ka har ina jin tsoron kaina. Amma ka je ka gaya wa Yayanka ya ci. Ka ce masa ƙanwar ta haƙura, ya bar mana 'yarmu."

"Manajan za ki aura?"

"Wannan kuma ba ruwan kowa."

Ya miƙe ya ɗauko wata leda daga saman kanta. Takardun tacewa ne, ya busar da su ɗaya bayan ɗaya a jikin injin, ya shafe su sumul, ya jera daga mai haske zuwa mai duhu don ya san haka nake son su. Ya miƙo mini.

"Ko don ki gama littafin."

Na dube su. Wallahi kamar in fizge in rungume. Na tura hannuna cikin mayafi na fita, yana kiran "Auta! Auta!" har na sha kwana.

* * *

Ban iya komawa gida da fuskar nan ba. Na zauna a rumfar jiran mota, motoci na zuwa suna tafiya, ina kuka ina sharewa, har wata dattijuwa ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Na ce mata e. Sai da rana ta yi sanyi na tashi, na riga na shirya abin da zan faɗa: Umma, na amince da Manaja. Yaya ba za ta taɓa sanin dalili ba. Gara ta ɗauka ita ta ci ni da faɗa.

Gidan shiru. Umma na salla a ɗakinta. Na ɗaga labulen ɗakinmu, sai na ga igiyar shanya wayam, ba takarda ko ɗaya. Na ce shi ke nan, ta zuba su a shara.

Sai na gan ta a ƙasa, a tsakanin gado da sif.

Ta ɗaure hancinta da ɗankwali. Ta ninke shafukana ta jera su kashi-kashi, ta danne da dutsen guga, ta huda gindinsu da basilla a jere reras. Zare na bakinta ta ƙasan ɗankwalin, tana jan sa a jikin kakin zuma. Ta riga ta ɗinke fiye da rabi.

"Yaya…"

"Rufe mini baki, kada ki sa in fasa." Ta soka allura ta ja. "Dubi yadda kika lafta gam a nan, allura ma da ƙyar take shiga. Ke komai naki sai kin yi masa yawa."

Na durƙusa a gabanta. Ta janye ɗankwalin daga hancinta, sai na ga ita ma idonta a kumbure yake.

"Ina bayan labule ɗazu ina kallon ki. Kin zauna a gaban mutumin nan kamar mai jiran allura a asibiti. Na san zaman nan, Auta, na yi shi shekara da shekaru. Kika ce in faɗi laifinsa ɗaya. Tun da kika fita nake nema." Ta girgiza kai. "Ranar da naƙudar Takwara ta kama ni, mutumin can yana wajen abokansa ya kashe waya. Yaron nan ne ya bar kaya a kan wuta ya kai ni asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa har na sauka. Ranar da aka sake ni, shi ya ɗauko mini akwati yana kuka kamar shi aka saka. Na sani sarai. Baƙin cikina ne ya hana ni faɗa."

"Yaya, ki bari. Maganar nan ta wuce, ni na…"

"Ba ta wuce ba, yanzu ta fara. Na shiga na sami Umma, mun yi kukanmu mun gama. Ta ce tunda ni mai ciwon na yafe, ita wace ce." Ta yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin aurenta. "Ba a nan na tsaya ba ma. Na ce in dai za a yi, a yi da gaske. Na ɗauki waya na kira shi."

"Wa kika kira?"

"Baban Takwara mana. Shi ne babba, shi zai zo neman auren. Na daure ne kawai saboda ke. Na ce masa abin da ya wuce ya wuce, kada mu hana yara abin da suke so, su turo manya." Ta ja zare ta ƙulla. "Kin san abin mamaki? Ko musu bai yi ba. Har da ce mini ya gode, ya ce ya san ni mai hankali ce, ya san zan gane. Mutumin da bai taɓa ce mini sannu ba!"

Na waiga na dubi gadon. Jakar makarantar da kullum ake jefarwa a kai ba ta nan. 'Yan takalman da ke bakin ƙofa ba sa nan.

"Yaya, ina Takwara?"

"Ai shi nake shirin gaya miki. Tana dawowa daga makaranta sai ga shi da kansa a mota. Ya ce tunda an shirya, a ba shi ita ta je ta gaida kakarta, ta ɗan kwana biyu. Na ce ba komai, ai ubanta ne, yau ba ranar rowa ba ce. Tana ta tsalle, wai za ta shiga gaban mota."

"Me da me kika haɗa mata?"

"'Yan kayan sawa. Sai ya ce in ƙara, in sa har da kayan makarantarta duka da bargonta, wai kada ta yi kewa. Ni ma na ce yawa haka?" Ta yi dariya, ta ɗago littafin tana nuna mini gindinsa. "Duba nan ki ga ɗinki, ba irin naki ba. Wannan ko jikokinki…"

Ta tsaya. Ta dubi fuskata, ta sake duba. A hankali littafin ya sauka a cinyarta, allurar na lilo a jikin zare.

"Auta, lafiya? Me ya sa kike kallona haka?"

Na sake duban bakin ƙofa, inda takalman Takwara suke zama.

"Auta!" Ta damƙo hannuna, farcenta ya nutse a fatata. "Ki yi mini magana. Me kika sani a kan 'yata?"